Inna ta ɗauko ƙwaryar Baba

Jiya Inna ta miƙo mini fura, na kurɓa sau ɗaya na ajiye kwanon.

Sati uku ke nan bakina ɗanɗanon ƙarfe yake yi, kamar na tsotsi makulli. Ruwa ƙarfe, shayi ƙarfe, har miyauna. Na canza asuwaki, na bar cin goro, na je asibiti a Sama Road aka ɗebi jinina, suka ce ba su ga komai ba. Ni kuwa na san haka Baba ya fara kafin a ce ƙoda ce. Ban gaya wa kowa a gida ba.

Inna ta dubi kwanon, ta dube ni. Ta shiga ɗaki ta fito da ƙwaryar Baba, wadda ba a taɓa ba tun rasuwarsa. Ta ɗauraye ta, ta juye furar ciki.

"Sha ga wagga. Kwanon silba ƙara shi shikai."

"Ƙara mi, Inna?"

"Ni da niy yi jinyar babanka shekara biyu za ka ɓoye ma? Tun ran da ka hwara yawan kurkure baki nig gane."

Na sha. Ƙarfen yana nan. Amma na shanye tas, don tana tsaye a kaina tana kallona.

Ashe mu biyu muke tsoron, kowa na ɓoye wa ɗaya. Jibi zan koma wurin likita, ta ce ƙafata ƙafarta.

Wanda ya taɓa jin haka a bakinsa kuma ya warke, don Allah ya rubuta a ƙasa. Inna nake so in karanta wa.