"Kar Ka Fifita Min, Ni Ba Mace Ba Ne"

Wata rana, a tsakiyar sanyin da ke sa mutum ya yi shawara da kansa kafin ya taɓa ruwan alwala, wani emsi mai suna Sabitu ya iso teburin mai shayin unguwarsu.

Sabitu shi ne mai riƙe makirfo a wurin biki. Jarinsa biyu ne kacal: baki da fararen haƙora. Ko hoton fasfo za a ɗauke shi sai ya wangale su.

To amma akwai shi da burga irin ta banza.

Kowa ya san yadda mai shayi ke fifita shayi, ya zuba daga wannan kofi zuwa wancan har ya huce. Kowa haka yake sha. Banda gogan naku. Da Malam Idi mai shayi ya ɗauko kofi na biyu, sai ya daka masa tsawa, wai kar a fifita masa, shi ba mace ba ne.

Haka zai kwankwaɗe shi yana tururi, sukari kamar ana gudu a ƙwace. Yana direwa ya sa a miƙo masa fiya wata mai ƙanƙara, ya yage leda da haƙori, ya hau gurgurar ƙanƙarar garas-garas, yana kallon mutane ko za a tafa masa.

Wai shi jarumi. Jarumin kofi.

Ba wai jikinsa bai gaya masa ba. Tun da daɗewa haƙorinsa na gaba yana yi masa tsam in iska ta shiga, har wani siririn layi ya fito a jikinsa. Yayarsa ta yi magana, abokai sun yi magana. Ya ce hassada ce.

Ranar nan kuwa ita ce ranar da ya daɗe yana roƙon Allah. Babban biki ne na gidan wani attajiri, ya yi kamun ƙafa ya gaji kafin a ba shi. In ya yi kyau, ya fita daga sahun emsin layi ke nan.

Ya sha shayinsa yana tafasa. Ya ɗora ƙanƙara.

Ƙas!

Ya tofo rabin haƙori a tafin hannunsa.

Lokaci ya ƙure, babu zancen asibiti. Ya lallaɓa zuciyarsa cewa zai riƙa rufe baki da makirfo, ba wanda zai gani.

Gani kam ba a gani ba. Ji aka yi.

Sunan amarya Sa'adatu, ango Sanusi. Duk "sa" ɗin da ya furta sai iska ta bi ta giɓin ta fito da fito, lasifika kuma ta raba wa kowa. Ƙawayen amarya suka fara ƙunshe dariya a mayafi, daga baya suka sake ta gaba ɗaya. Kafin a kawo abinci uwar amarya ta sa an karɓe makirfon an miƙa wa wani.

Bidiyon da aka ɗauka a waya kuwa ya riga shi isa gida.

Da ya samu ya sake fitowa, ya zauna can ƙarshen benci, hannu a baki, murya ƙasa-ƙasa:

"Malam Idi, don Allah a ɗan fifita min."

Malam Idi bai ko ɗago ba.

"Au, na mata za a haɗa maka yau, ranka ya daɗe?"

Ba wanda ya tausaya masa. Ni ma ban tausaya ba.

Darasi: Sha shayinka a sanyin nan, amma bari ya huce. Rage sukari, kurkure bakinka in ka gama, kuma kar ka bi zafi da ƙanƙara. Haƙori in ya fara tsami, kai shi asibiti tun yana nan. Na manya ba ya sake tsirowa, kuma wanda bai ji bari ba, zai ji hoho.

Tura wa abokin nan naka mai cewa haƙorinsa ƙarfe ne, tun yana iya kiran sunan Sa'adatu.