Shekarar da Kawu Ya Ƙi Shan Shayi

Duk lokacin da na ji ƙamshin shayi yana tafasa a kan gawayi, sai in tuna da ranin da kawuna ya dawo Matankari daga Kumasi. A can ya yi gadin gidan wasu Kiristoci da ake kira Mormon, waɗanda addininsu ya hana su shayi. Da bakinsa ya saba da rashinsa, sai ya dawo yana mayar da kofin shayi in an miƙa masa. Kun san garinmu, namiji ba ya ƙin shayi sai da dalili. Nan da nan aka fara raɗa cewa ya bar Musulunci.

Ni tun ina ƙarami mai wasuwasi ne. Kawun nan shi ya koya mini alwala, a bayansa nake salla. Na daina cin tuwo sosai, ina tunanin ko duk sallolina sun zube.

Wata rana bayan azahar, zafi na dukan ƙasa, kakana ya kira shi ƙarƙashin itacen bedi, gaban dattawa.

"Ɗan nan, mutanen naka mi ne asalinsu?"

Kawu ya ce a Amurka suka fara, 'yan kaɗan. An yi ta korarsu gari gari, aka kashe jagoransu a kurkuku. Suka nufi yamma, wasu suna jan amalanke da hannu cikin ƙanƙara, suna binne 'yan'uwansu a hanya, har suka sauka kusa da wani tafkin gishiri. Da suka yi shuka, fara ta auka mata, sai ga tsuntsaye sun zo suna cinye farar.

Kaka ya jinjina kai. Shi ma fara ta taɓa barinsa da rumbu wayam.

"Ashe su ma sun sha wuya. Kai fa, ina alƙiblarka?"

Kawu ya nuna gabas.

"To, mai baƙin ciki da shayi, tashi ka ja mu la'asar."

Dattawa suka yi dariya, suka jeru a bayansa, ni ma na shiga sahu.

Yanzu a Dogon Dutsi nake zaune, inda samari ke yanke wa mutum hukunci kafin su tambaye shi. Har gobe ina maimaita alwala don shakka. Amma sallolin da na yi a bayan kawu, ban rama ko ɗaya ba.