Libarbar Ezenwa a Hannun Bappayo

Yayana Bappayo ido ɗaya gare shi tun yana saurayi. Tartsatsin ƙarfe ne ya cinye na hagu a maƙerar babanmu da ke Azare. Da na daman nan ya riƙe gidansa, ya riƙe ni ma bayan rasuwar mijina. Mafarautan Katagum da Shira duk wurinsa suke kawo bindigogin toka. Sai dai yana da wata ɗabi'a da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya: duk bindigar da ya gyara, shi zai fara harba ta a jikin suri kafin ya miƙa wa mai ita.

Sau nawa na ce, "Yaya, ido ɗaya ya rage maka. Ɗaure ta a itace ka ja kunamar da igiya mana." Sai ya ce babanmu bai taɓa yin haka ba, kuma maƙerin da ke tsoron aikin hannunsa ya koma saƙar tabarma. Taurin kai dai, Allah ya zuba masa shi.

A shekarar 2004 'yan fashi suka tare amininsa Ezenwa, mai sayar da kayan gyaran mota, a hanyarsa ta dawowa daga Kano. Tsoro ya shige shi, ya je ya samo libarba, 'yar ƙaramar bindiga mai ƙyalli, ko tafin hannu ba ta cika ba. Gidajen harsashi biyu gare ta. Kana cire ɗaya ka sa ɗaya, wannan na ƙananan harsasai, wancan na manya. Na manyan ne ya ƙi zama daidai, shi ya sa ya kawo ta maƙera.

Bappayo bai taɓa riƙe irinta ba. Ya yi ta juya ta yana murmushi, har na ji haushinsa. Da bindigar toka ya saba, wadda in abu ya ƙi shiga sai a goge shi da magagari har ya shiga. Haka ya yi wa wannan. Gidan harsashin ya zauna, amma bai saitu da bakin bindigar ba, shi kuwa bai sani ba.

A bakin suri Ezenwa ya ce, "Malam, kawo ni in harba, ai tawa ce."

"Taka ce in na gama," in ji Bappayo.

Daga cikin gida na ji ƙarar, kuma na san ba irin wadda na saba ji ba ce. Harsashin ya daki gefen ƙarfe, ɓarɓashi ya dawo masa a fuska.

A asibiti likita ya ce idon daman ma ya tafi. Na yi kuka, na kuma yi masa faɗa a gaban mutane, ban ji kunya ba. Ezenwa na tsaye a gefen gado, rigarsa duk jini. Can Bappayo ya laluba ya kamo hannunsa.

"Ezenwa, ka yafe mini," ya ce. "Na ɓata maka bindiga. Yanzu da me za ka bi hanyar Kano?"

Ezenwa ya durƙusa, ya kifa kansa a kan gadon. Ni fita na yi, don ba zan iya kallonsu ba.