Masu Riƙe Labule

Bayan an raba gadon mahaifinmu kowa ya karɓi rabonsa, sai aka rasa mai ɗaukar abu biyu, wata tsohuwar adaka da wani labule. Yayyena maza suka dubi juna, suka ce ai ni ce malamar makaranta, ni na dace da takardu. Haka aka ɗora mini su a keke aka kawo gidana a unguwar Mafoni, cikin Maiduguri. Adakar ta shige ƙarƙashin gado, ta shekara goma tana fasa mini ɗan yatsa duk ranar da zan yi shara. Labulen kuwa na ɗaure shi a kan madafa yana tare mini rana.

Mahaifina mai hoto ne. Daga Kano ya zo Maiduguri yana saurayi, da kyamara ɗaya da bakin da ba ya gajiya. Da ya ga masu hoto sun yi yawa a cikin gari, sai ya koma bin ƙauyukan firgi, can gabas. Ga wanda bai taɓa zuwa ba, firgi baƙar ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, ka duba har idonka ya gaji ba ka ga tudu ba. Da damina ruwa ya kwanta a kai, laka ta riƙe ƙafar mutum. Idan ruwan ya janye sai a dasa masakwa, dawar da ke nuna ba tare da ta ga ruwan sama ba, ƙasar kuma ta bushe ta tsattsage. Ƙauyukan suna zaune ne a kan 'yan tudun yashi nan da can. Da an girbe masakwa yake hawa motar kasuwa da kekensa a sama, ya yi mako biyu ko uku ba mu gan shi ba.

Labulen shi ne jarinsa. An zana jirgin sama a jiki, da bene mai hawa uku, da bishiyar dabino biyu. Ba wanda zai sa babbar rigarsa ya tsaya a ɗauke shi da bukkarsa a baya, kowa gaban jirgi yake so. To a firgi babu bango mai tsawo, bishiya ma sai an yi tafiya, iska kuma ba abin da ke tare ta. Don haka mutum biyu ke riƙe labulen, ɗaya dama ɗaya hagu. Maza suna layi da hulunansu, sai aikin ya faɗa kan matan gida, waɗanda kunya ba za ta bar su su tsaya gaban kyamarar baƙo ba. Idan ya dawo ya wanke hotunan, sai ya sa almakashi ya datse gefe da gefe, ya bar mai riga da jirginsa. Na tashi ina ganin tarin gefunan nan a kwandon shara, ban taɓa ɗaukar ko ɗaya na duba ba.

Akwai wata mata da ke kawo mini bandar kifi. A kasuwar kifi ta Baga Road take sarowa, ta bi gida-gida da daro a ka. Tana cikin waɗanda rikici ya koro daga ƙauyuka, sa'ata ce ko ta ɗan girme ni. Shekara biyu muna ciniki, kuma ni wajen ciniki ba ni da kirki, na sani. Ban taɓa tambayarta daga ina take ba. Wata rana ana zafi ta ce in taimaka mata da ruwa, na ce ta shigo ciki. Na miƙa mata kofi, sai na ga ba ta karɓa ba, ta ɗaga kai tana kallon inuwar madafata. Hayaƙi ya riga ya cinye benen da dabino ɗaya, amma jirgin yana nan.

Washegari ta dawo ba daro. Ta gaishe ni da Kanuri, “Wushe, Ya Hajja,” ta zauna a bakin tabarma, ta kwance gefen lafayarta ta fito da hoto a cikin leda. Wani dogon mutum ne da hula, ya ƙame kamar soja a gaban jirginmu.

Ta ce, “Babana ne. A jakar Alƙur'aninsa yake, da ita na gudu. Amma ba shi nake so ki duba ba. Duba nan.”

A can gefen dama, inda almakashi ya bi, yatsu huɗu ne da lalle sun damƙe bakin labule.

Ta ce, “Hannun Ya ne, mahaifiyata. Ba ta taɓa yin hoto ba. Wannan kaɗai nake da shi.”

Sai ta ba ni labari, a Hausarta mai nauyin Kanuri, ba ta ɗaga murya ba. Da damina suka fito, a ƙafa, ta cikin firgi. Tsohuwar ta yi kwana biyu tana cire ƙafa daga laka, a na uku ta kasa. A hanya suka binne ta.

Ta ce, “Shekara arba'in da wani abu na yi da ita, Ya Hajja. Amma duk sanda na ɗaga hannu zan yi mata addu'a, fuskar ranar nan ce take zuwa. Na nemi wata na rasa. Mai labulen nan, idan ya yanke gefen, ina yake kaiwa?”

Na ce shara yake zubarwa. Na ga kafaɗunta sun sauka. Sai na tuna cewa takarda yake yankewa, fim ɗin da ake wanke hoton daga jikinsa ba a yanke shi, kuma mahaifina mutum ne da ko igiyar buhu ba ya yarwa. Muka ja adakar mu biyu zuwa tsakar gida.

Ambulan ne cunkus, kowanne da fim na gari guda. Na ce ta faɗi sunan garinsu in nemo, ina ganin aikin minti goma ne. Ashe tsohon nan, shekara talatin yana yawo a ƙasar Kanuri, harshensa bai taɓa yarda da sunayen garuruwansu ba. Sai ya riƙa rubuta abin da ya same shi a wurin, da ajami. “Garin da aka ba ni nono mai tsami.” “Garin kare mai ido ɗaya.” “Garin da bulama ya ce in sake, cikinsa ya fito.” Na karanta mata wannan na ƙarshe, ta yi dariya har ta rufe baki, ta ce ai duk dagatan ƙasarsu haka suke. Ni kuwa na ce Allah ya jiƙan Baba, ya bar mu da aiki.

Muka koma ɗaga fim ɗin sama ɗaya bayan ɗaya. Kullum bayan la'asar, idan ta gama talla, sai ta zo mu zauna inda haske ya fi. A fim komai a juye yake, baƙi ya koma fari, fari ya koma baƙi, ni ban ga komai ba sai aljanu a gaban jirgi. Ita tsakiyar ba ta dame ta ba, gefe take karantawa. Ta ce wannan rumbun irin na Shuwa ne, ba garinsu ba ne. Wannan rijiyar mai bakin itace ta san ta, garin da aka kai ƙanwar babanta aure ne, ruwanta ɗaci gare shi. Waccan giginyar guda ɗaya da ita matafiya ke gane hanya idan ruwa ya rufe firgi. Ta faɗi wanda ya kafa gari kaza, da dalilin da ya sa mutanen gari kaza suka tashi suka koma wani tudun. Na ɗauko fensir na fara rubuta sunayen gaskiya a ƙarƙashin na mahaifina. Da yawa daga garuruwan nan, in ji ta, yanzu ba kowa, ciyawa ta cinye su.

Akwai abin da ban gaya mata ba, yana cina a rai. Shekarun baya gara ta shiga adakar, ni kuma cikin fushi na kwashi ambulan na sama, wajen cikin daro guda, na watsa a murhu. Har na ji daɗin yadda suka kama da wuta. Kullum muka rufe adakar ba mu samu ba, sai in ce a raina nata na cikin waɗanda na ƙona. A rana ta biyar haushin kaina ya juye a kanta, na ce, “Baiwar Allah, idona ya gaji, wannan abu fa ba lallai a same shi ba.” Sai ta fara mayar da fim cikin ambulan a hankali, kamar mai naɗe kayan jariri. Kunya ta kama ni, na faɗa mata gaskiya. Ta ce, “Kin ƙona daro ɗaya, kin ajiye adaka guda. Mu da ba mu ajiye ko cokali ba, me za mu ce miki?”

Ranar na canza dabara. Na ce ta bar duban gefe, ta gaya mini abin da baƙo zai tuna da garinsu. Ta ce sauro. Na ce garin sauro uku na gani, duk mun duba. Ta ce ba su da wani abu, su talakawa ne, masakwa kawai. Can ta ce akwai wani labari da babanta ke bayarwa idan yana so ya tsokani Ya, wai ita ce macen da jirgi ya kusa tashi da ita. Ta ce tun tana ƙarama take ji, ta ɗauka zolaya ce ta miji da mata.

Na tuna na ga wani abu mai kama da haka. Na tona har ƙasan adakar, na zaro shi. An rubuta, “Garin da iska ta ƙwace mini jirgi.”

Ga dogon mutumin nan da hularsa, a hoto na shida. A gefen dama ga mace tsaye, cikakkiya daga kai har ƙafa. Amma hannu ɗaya na riƙe da labule, ɗayan ya ja lafaya ya rufe fuska. Muka duba na bakwai, haka. Na takwas, haka. Matar nan ta yini tana riƙe wa mazan garinsu jirgi, ba ta bari ko hancinta ya fito ba. Na ji kamar in shiga cikin fim ɗin in fizge mayafin. Sai a na kusa da ƙarshe muka ga komai ya hargitse. Labulen ya kumbura ya yi sama, mai riƙon hagu ya saki, wanda ake ɗauka ya dafe hula. Irin hoton da mahaifina ke kira ɓatacce ne, ba ya wanke shi. Ita kuma ta damƙi nata gefen da hannu biyu. Fuskar ba ta fi ƙwayar gero ba a fim, ba mu iya ganin komai ba.

Da safe muka hau keke zuwa cikin Yerwa, wato tsakiyar Maiduguri, wajen wani dattijo da har yanzu yake da injin da ke karanta tsohon fim. Ya ce wanne za a fitar, na nuna masa, ya ce ai wannan ya lalace. Na ce gefen dama muke so, ya faɗaɗa shi iyakar yadda zai yiwu. Tana zaune a benci, ta ƙi duban injin, tana jan carbi.

Da takardar ta fito ni na fara gani. Yarinya ce, ba za ta wuce ashirin da 'yan kai ba. Lafayar ta zame zuwa kafaɗa, kitsonta a waje, ta turje da ƙafa a kan tsagaggiyar ƙasa, ta jingina baya tana ja. Bakinta a buɗe, dariya take yi da dukan fuskarta. A bayanta, inda labulen ya ɗaga, ga garin nan gaba ɗaya, bukkoki da rumbuna da tarin kan masakwa, firgi kuma ya miƙe har ƙarshen takarda.

Na miƙa mata. Ta goge hannuwanta a jikin lafaya kafin ta karɓa. Ta daɗe tana kallo, har dattijon ya fita waje ya ba mu wuri. Ni a lokacin mahaifina nake yi wa godiya a zuci, mutumin da na sha yi wa tsiya kan tara shirgi, da ya danna kyamara a lokacin da kowane mai hankali zai tsaya. Na gode wa iskar ma. Ba ta yi kuka ba, ni ce na yi. Ta ce kawai, “Ashe tana da wushirya. Haƙoran sun zube tun da daɗewa, na manta.”

Kwana biyu ban gan ta ba. A na uku na ji sallamarta da daro a ka. Ta sauke, ta zaɓo manyan kifi uku ta ajiye mini a faranti, na buɗe baki zan fara halina ta ɗaga mini hannu. Na tambaye ta ina hoton. Ta ce yana jakar Alƙur'ani, kusa da na babanta, Ya da mijinta sun daɗe ba su zauna tare ba.

Na ce, “To, addu'a fa?”

Ta gyara gammo, ta ɗora daron a ka, sai da ta kai bakin zaure ta juyo.

Ta ce, “Jiya da azahar na ɗaga hannu, sai waccan fuskar ta zo kamar kullum. Na ce mata ta dakata. Ya Hajja, sai ga Ya tana dariya.”