Ranar da Baba Ya Karɓi Gayyata

Bayan rasuwar Baba na ɗauki aikin rubuta salsalar gidanmu, don na ga waɗanda suka san ta suna ƙarewa. Na sauke wata manhaja a waya, irin wadda ake jera dangi a ciki, kowa da hotonsa da lambarsa. Da na zo kan Baba na sa tasa lambar, duk da layin ya daɗe a rufe. Na haddace ta, hannuna ne kawai ya rubuta.

Mu masu amfani da manhajar a Bauchi muna da guruf na tattaunawa a waya, domin ba ta rabo da matsala. Yau ta aurar da mutum ga kakarsa, gobe jariri ya girmi ubansa. Mai kula da guruf ɗin wani dattijo ne da ban taɓa gani ba, kowa Malam yake ce masa. Duk zafin da ka shigo da shi, sai ya fara tambayarka iyali, sannan ya ce, "To, a hankali. Nuna mana abin da ka gani."

Wata rana da azahar ina cikin keke daga Yelwa, inda nake koyarwa, zan koma gida a unguwar Ɗan Iya, sai saƙo ya shigo daga manhajar: Baba ya karɓi gayyatarki. Na buɗe. Ga hotonsa, a gefe kuma ɗan ɗigo kore, alamar mutum yana kan layi. Ina kallo ɗigon ya mutu, ya sake kamawa. Sai da mai keke ya ce, "Hajiya, mun iso fa," na san inda nake.

A zaure na tsaya na rubuta wa guruf. Nan take wani ya ce 'yan damfara ne, a ba shi lambar ya zage su. Wata ta ce in yi addu'a in rabu da wayar. Sai Malam ya shigo cikin maganar.

"Allah ya jiƙan mahaifinki, 'yata," in ji shi. "Jama'a, kada mu ƙara mata tsoro."

Ya bayyana cewa manhajar ta fara aika gayyata ga duk lambar da ke ciki ba tare da izini ba, kuma layin da ya daɗe a rufe akan sayar wa wani. "Wataƙila bawan Allah ne kamar mu. In za ki kira, ki fara da sallama."

Na kira. Sunan Baba ya fito a fuskar wayar, tana ringin. Aka ɗauka. Na yi sallama da ƙyar.

Muryar namiji ce, Hausarsa da karin Fulatanci, ina jin kukan shanu a bayansa. Ya ce, "Ke 'yar marigayin ce?"

A Zungur yake. Ya ce tun da ya sayi layin mutane ke kira suna neman Baba, shi ke gaya musu ba shi ba ne, daga bakin wasunsu kuma ya ji Baba ya rasu. Saƙon kuwa danna shi kawai ya yi, sai ga hoto. "Yau na fara ganin fuskarsa," ya ce. "Haka kuwa na zata yake."

Ya ci gaba: "Akwai wani tsoho da ke kira duk Juma'a. Na gaya masa Alhaji ya rasu, ya yi kuka, mako na zagayowa ya manta. Yanzu in ya ce, 'Alhaji, ya jiki?' sai in ce da sauƙi."

Malam ya kai ƙorafi ga masu manhajar, ya roƙe mu haƙuri, gyaran kuma ya ɗauki lokaci. Na gaya wa Inna, mahaifiyata, komai, ta kuma fahimta sarai. Duk da haka, in na dawo aiki takan ce, "Ɗan duba mini, yana nan?" Sai in miƙa mata wayar, ta zuba wa ɗigon ido har ya mutu.

Da gyaran ya zo, ɗigon ya ɓace gaba ɗaya. Na sanar a guruf, Malam ya gode wa kowa. Inna ba ta sake tambaya ba. Tsohon nan na Juma'a kuwa, mun bi abokan Baba ɗaya bayan ɗaya, ba mu gano ko wane ne ba.