Wuyan Keken Baba

Ranar da aka tsamo Baba daga ruwa, Yaya ya rantse keken nan ya gama fita. Daga kan jingar bakin kogi Baba ya faɗa, a hanyarsa ta zuwa gonar shinkafarmu da ke fadama, shi da keken suka afka cikin ruwa, tsakiyar ciyawar kacalla. Allah ya sa masunta na kusa. Da muka tambaye shi abin da ya faru, sai ya ce wuyansa ne. In ya duƙa ya kama kan keke, wuyan ba ya ɗaguwa, tayar gaba kaɗai yake gani.

Yaya shi ne babba a gidanmu, kuma in ya yanke magana ta yanku. Ya ce ran kasuwar Kafin Hausa zai ɗora keken a mota ya rabu da shi. Ya bi masu gyaran keke na unguwarmu ya ja musu kunne, kada wanda ya taɓa shi. Ni ne auta, ɗinki nake yi, kuma duk Haɗeja an san bakina ba ya shiru. Na ce, "Yaya, in za ka raba shi da keken nan, to ka haɗo da likkafani." Ya ce wuyana ya isa yanka. Na ce ai ya daɗe da isa.

Ba don neman rigima na faɗa ba. Tun da aka jingine keken a zaure Baba ya daina cin abincin kirki. Mutumin da tun ina goye yake sammakon fadama, ga shi a tabarma daga safe har yamma, ba ya ko kunna rediyo. Ina kallo yana zubewa a gabana, kuma wallahi tsoro ya kama ni.

A wajen masu kayan gwanjo na ci karo da wani wuyan keke mai gaɓa a tsakiya, kamar gwiwar hannu. Ka sassauta noti ɗaya a gefe, ka ɗaga shi ko ka kwantar yadda kake so, haƙoran ciki su riƙe. Na ce shi ke nan, in kan keken ya taso, Baba zai zauna a miƙe ya ga gabansa. Mai kayan ya ara mini alanki, wannan ɗan lanƙwasasshen ƙarfe da ake kwance irin notin da shi.

Jajibirin kasuwa Yaya ya tafi ta'aziyya garin Malam Madori. Yana fita na jawo keken tsakar gida.

Kai, ƙarfe mugu ne! Na kwance dogon notin da ke saman tsohon wuyan, na ja, ko motsi. Tsatsar ruwan kogi ta cinye shi. Na zuba kananzir, na matse tayar gaba tsakanin cinyoyina, na murɗa har tafin hannuna ya ɗaye. Na zagi keken, na zagi wanda ya ƙera shi, na zagi kaina da ban koyi komai ba sai almakashi. Rana na ta tafiya, duk motar da ta tsaya a waje sai gabana ya faɗi. Da haushi ya kai ni maƙura na ɗauki taɓarya na maka wa kan notin. Ya nutse ƙasa, ƙwas! Ashe abin da yake jira ke nan, wani ƙarfe ne a ciki ya cije, sai an buga yake saki. Wuyan ya zaro a hannuna salin alin.

Na goge ramin, na shafa giris, na zura sabon wuyan. Na ɗora kan keken, na ɗaure notocinsa kaɗan-kaɗan bi da bi, don kada ya karkace. Sannan na ɗaga gaɓar har ƙarshenta. Sai ga wata sabuwa: wayar birkin gaba ta yi gajarta, ta ɗame, taya ta ƙi juyawa. Na zauna daɓas a ƙasa, saura kaɗan in yi kuka. Allah ya taimake ni akwai 'yar jelar waya da ta rage a ƙasa wajen birkin. Na kwance, na sakar mata, tayar ta juya.

Duk wannan abu Baba na zaune a inuwa. Da na turo masa keken ya shafa kan, ya shafa gaɓar, ya ce, "Auta, kai ka yi wannan?"

Bayan la'asar muka fita filin da ke bayan gida. Na riƙe masa sirdi ya hau, ya zauna ƙyam, kai a sama. Na ruga can gaba na tsaya a tsakiyar hanya, ina ɗaga masa hannu, ina dariya kamar wawa. Ya taho tiryan-tiryan, fuskarsa na kallona. Sai da ya kusa taka ni ya ɗaga murya.

"Bawan Allah, ba ni hanya!"

Na kama kan keken da hannu biyu. Na ce, "Baba, ni ne."

Ya sauke ƙafa ƙasa. Na dubi idanunsa sosai, abin da na daɗe ban yi ba, don ba ma kallon tsabar idonsa. Wani farin hazo ya lulluɓe su duka biyun.

"Baba, ba wuyan ba ne."

"Wuyan ma yana ciwo," in ji shi. Sannan ya rage murya. "Mayar mini da shi yadda yake. In na duƙa ina ganin bakin hanya, shi nake bi. Kuma kada yayanka ya ji."

Alankin na aljihuna. Noti ɗaya ne, in sassauta in kwantar, gobe da asuba ya koma kan jingar nan. In kuma na ƙi, ni da bakina zan gaya wa Yaya cewa shi ne da gaskiya. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Na ce, "Baba, ka yafe mini. Ba zan mayar ba."

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya sauko a hankali ya bar mini keken. Na juya shi na nufi gida ina turawa, sai na ji ya yi nauyi ta baya. Na waiga. Baba ne ya lalubo kariyar ɗora kaya ya riƙe.

Ya ce, "Tafi a hankali, Auta."