Dattijon Jajayen Tociloli

Zulkifilu, mai tura keken marasa lafiya a filin jirgin Dulles, yana tsaye kusa da ma'aunin kaya yana kallon wani dattijo da bai sani ba. Dogo ne siriri, tafin hannunsa duk kanta irin ta masu jan koma. Akwatinsa ya wuce nauyi, ma'aikaciyar ta ce sai ya rage.

Ya durƙusa ya zuge akwatin. Rabin kayan tociloli ne, kowace an liƙa mata jar leda a baki.

"Baba, waɗannan za ka rage ai," in ji Zulkifilu da Turanci.

"Ɗana, na mutanen tsibirinmu ne."

A hankali yake bayani, kansa a sunkuye. Kunkurun teku na haurowa bakin ruwansu su binne ƙwai, masunta kuma suna gadin ramukan bi da bi. Farin haske yana ruɗa 'ya'yan, su ba teku baya su mutu a tudu, amma ja ba ya damunsu. Wata mai zuwa za su ƙyanƙyashe.

"Bara da fararen tociloli muka yi gadi," in ji shi. "Mu muka kashe su."

Sai ya zaro sababbin takalma da kwat a ninke. Zulkifilu yana jin na bikin wani ne, wataƙila 'yarsa. Dattijon ya shafa kwat ɗin sau ɗaya, ya ajiye shi a kan kujera, ya jera takalman a ƙasa, ya mayar da akwatin kan ma'auni.